Ranar da Majigi Ya Cire Baba Ƙarami Daga Dangi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har ranar da na fara aiki ba zan iya faɗa muku ita daidai ba. Amma ranar taron zumuncinmu na farko, ranar da na tsaya gaban dangi kaf da kwamfuta a gabana ina ji da kaina, wannan kam ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko yau na tuna ta sai na yi dariya, kuma sai na ji gabana ya ɗan faɗi.

Bari in fara da gidanmu. Kakanmu haƙar kuza ce ta kawo shi Jos. Da harkar kuza ta ja baya sai ya koma fawa, ya kafa gida a wajen unguwar Abattoir, kuma a nan aka haife mu duka. 'Ya'yansa biyar. Babana ne babba, sai Gwaggo, sai maza biyu da suka rasu suka bar 'ya'ya, sai autansu wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi Baba Ƙarami boko ya yi, ya ƙi riƙe wuƙa, ya kama aikin gwamnati. Bai tsaya nan ba, ya ƙi 'yar dangin da aka zaɓa masa, ya auri wata malamar makaranta 'yar asalin nan Filato. A lokacin Kaka ya riga ya rasu, Babana ne uban gida. Cikin fushi, a gaban mutane, ya ce masa, "Daga yau babu kai a cikinmu." Baba Ƙarami ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya koma unguwar Daɗin Kowa, kuma shekara ashirin da biyu bai sake taka ƙofar gidanmu ba.

A wajen shekarar 2007 Babana ya yi wata jinya da ta kwantar da shi wata biyu. Da ya tashi sai ya zama wani mutum daban. Wata rana da safe ya kira ni, ya ce yana so a tara zuriyar Kaka gaba ɗaya, mako guda bayan Babbar Sallah, lokacin da mahauta suka ɗan huta. Yana murza carbi ya ce, "Ki je Daɗin Kowa ki gaya wa ƙanina." Tun da nake ban taɓa jin ya ce "ƙanina" ba sai ranar.

Ni kuwa a lokacin sakatariya ce a wani ofis, kuma ban daɗe da samun kwamfutar cinya ba, wadda ake ce wa laftof, mai faffaɗar fuska. Kai, na yi fankama da kwamfutar nan! Ko biki za ni sai na rataya jakarta. A unguwarmu babu macen da ta iya abin da na iya, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Don haka da Baba ya yi maganar taro, nan take dabara ta zo mini: zan zana salsalar gidanmu a kwamfuta, sunan kowa da hotonsa, a haska a bango kowa ya ga kansa. Na kasa zama don murna.

Na je Daɗin Kowa ranar Asabar. Baba Ƙarami ya karɓe ni ba yabo ba fallasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Shi ya aiko ki, ko ke kika aiko kanki?" Na rantse masa shi ne. Ya ce zai yi tunani. Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ce ta ja ni kicin ta zuba mini gwate mai zafi, ta ce in bar mata shi, zai zo. Ta ba ni hotunan 'ya'yansu uku da sunayensu. Da ta ji shirina na haskawa a bango sai ta tafa hannu, ta ce ai tana da majigi da take koyarwa da shi a tarurrukan malamai, in ɗauka.

Da za ta miƙa mini jakar majigin ta ce, "Amma fa ki gwada shi kafin ranar. Wannan tsoho ne, ba ya ɗaukan duk abin da sabon laftof yake ba shi. Sai an rage masa rezolushan."

Na ce, "Haba Anti, kwamfuta fa aikina ce."

Ta yi murmushi ta ce, "To, oga madam."

Gaskiyar magana ban san abin da take nufi ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. A ofis bugawa nake yi in fitar a takarda, ban taɓa haɗa kwamfuta da majigi ba. A tunanina waya ce kawai za a soka, abin da ke nan ya bayyana can. Na kai majigin gida na ajiye a kan durowa, ban ko zuge jakar ba.

Mako uku na yi ina aikin salsalar nan. Na bi gida-gida ina karɓar hotuna, ina faɗa da masu cewa hotonsu bai yi kyau ba a sake. Gwaggo ita ce kundin gidanmu, ita ta zaunar da ni ta lissafo wa ya haifi wa, wa ya riga wa. Na sa Kaka a can sama. Daga ƙarƙashinsa na ja dogon layi a kwance, na rataya 'ya'yansa biyar a jikinsa bisa tsarin haihuwa, kamar yadda ake jera komai a gidanmu, ko rabon nama ne: babba tukuna. Babana a farkon hagu, Baba Ƙarami a can ƙarshen dama, kowa da 'ya'yansa da jikokinsa a ƙarƙashinsa. Na cika fuskar kwamfutar taf, daga wannan gefe zuwa wancan, don sunaye su fito manya tsofaffi su iya gani. Duk wanda na nuna wa sai ya riƙe baki. Ni kaina nakan buɗe in yi ta kallo ina yaba wa kaina.

Ranar taro ta zo. An aro mana babban aji a wata makarantar firamare kusa da gida. Tun da hantsi mata suke ta kai da kawowa da kuloli, masa da miyar taushe, shinkafa, soyayyen dankalin Turawa. Nama kuwa ba a magana, gidan mahauta ne, balangu har sai da aka rasa inda za a ajiye. Aka rufe tagogi da zannuwan atamfa don ɗakin ya yi duhu, aka kafa farin zanen gado a jikin allo da ƙusoshi, aka tayar da janareta a bayan aji. Tsofaffi suna ta ba da labarin majigin da ake kawowa fili a zamanin ƙuruciyarsu, wai yau ga majigi ya dawo, kuma 'yar gidansu ce za ta haska. Ni kuwa na sha sabon leshi, ɗaurin ɗankwalina har yana neman taɓa ƙofa.

Ana gab da azahar sai ajin ya yi tsit. Baba Ƙarami ne ya shigo, Anti a bayansa, da 'ya'yansu uku waɗanda yawancin dangi ba su taɓa gani ba. Gwaggo ta fashe da kuka ta rungume shi. Ya je gaban Babana ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa, amma gaisuwar a taƙaice take, kowa yana jin nauyin kowa. Aka nuna masa kujera a gaba, ya ce a'a, nan baya ya ishe shi. Ya zauna kusa da ƙofa. Duk wanda ya ga inda ya zauna ya san mutumin nan bai gama yarda ba, ƙafa ɗaya ce ya shigo da ita.

Bayan an yi sallah an ci abinci, aka ce to, saura majigi. Na ajiye kwamfutar a kan teburin malami, na fuskanci jama'a, zanen yana bayana. Na soka wayar, na danna abin da ya kamata, fuskar kwamfutar ta ɗan ɗauke ta dawo. Sai na ji ajin ya ɗauki "Kaaai!" gaba ɗaya. Yara suna ihu, "Ga Kaka! Ga Kaka!" Wata ta rangaɗa guɗa. Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ɗin ba. Na dubi kwamfutata, ga salsala nan cif, reshe biyar, babu abin da ya goce. Me kuma zan juya in duba?

Sai daɗi ya kwashe ni. Na ɗaga murya, har da nuna yatsa sama, na ce, "To dangi, ga mu nan kaf, zuriyar Kaka, ban bar kowa ba. Kowa ya nemi sunansa. Wanda duk bai ga kansa a bangon nan ba, to ba namu ba ne, ya tashi ya ba mu wuri!"

Wasa nake yi, Allah ya sani. Na ma tsaya ina jiran dariya. Aka ɗan yi ta a gaba, sai ta mutu. Na ga kawuna suna juyawa baya ɗaya bayan ɗaya. Na ga Gwaggo ta dafe ƙirji. Sai na ji ƙarar kujera a bakin ƙofa. Baba Ƙarami ya miƙe, yana gyara hularsa.

Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Yaya, da ka bar ni a gidana. Ba sai ka tara mini jama'a ka sake faɗa ba. Na ji tun na farko." Ya dubi 'ya'yansa ya ce, "Ku tashi mu tafi."

Ni fa har lokacin ban gane komai ba. Raina ma ɓaci ya yi. Mako uku ina wahala, mutum ya zo ya ce ba ya ciki? Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Ga ka nan! Ga ka nan, ga Anti, ga yara!" Ina faɗa ina dukan fuskar kwamfutar da yatsa, fuskar da babu mai ganinta a ajin nan sai ni kaɗai.

Gwaggo ta daka mini tsawa. "Ke! Rufe mana baki ki juya ki dubi bango!"

Na juya. Innalillahi. Reshe huɗu ne a jikin zanen. Babana, Gwaggo, marigayan nan biyu, shi ke nan. Daidai inda Baba Ƙarami ya kamata ya fara, nan hasken ya ƙare. Ba rabinsa ba, ba gefen hotonsa ba, babu shi sam, shi da matarsa da 'ya'yansa, kamar da wuƙa aka yanke. Na dubi kwamfuta, biyar. Na dubi bango, huɗu. Na dubi Babana, na ga yana ƙoƙarin tashi da sandarsa ya kasa, yana kallona da wani irin ido, shi a zatonsa ni na yi haka don in faranta masa. Baba Ƙarami kuwa ya riga ya sa ƙafa a waje.

Sai muryar Anti ta tashi. "Baban yara, tsaya. I beg, minti ɗaya. Dubi layin can na sama." Ta nuna dogon layin da na ja a ƙarƙashin Kaka. "Ka ga ya tsaya a kan na huɗu? Bai tsaya ba, ya wuce. Ina ya tafi? Akwai abu a can, majigin ne bai nuna ba."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ratso tsakiyar mutanen da shekara ashirin da biyu ba su gaishe ta ba, ta zo teburin, ta ɗan ture ni da kafaɗa. Ta sa yatsa ta tura 'yar kibiyar nan ta kwamfuta zuwa dama, ta yi ta turawa har ta kai ƙarshe. Sai hoton bangon ya fara tafiya. Wallahi tafiya ya yi, ya zame zuwa hagu a hankali, sai ga Baba Ƙarami yana shigowa daga gefen zanen, da hularsa, sai Anti, sai yara uku a jere. Ajin ya kaure. "Ga shi nan! Ga shi nan ya shigo!" Gwaggo tana ta "Allahu Akbar" tana share hawaye da gefen mayafi.

Murna ba ta gama sauka ba sai wani daga cikin 'yan'uwanmu ya ce, "Af! To ina Baba Babba?" Muka duba. Ashe da hoton ya matsa don Baba Ƙarami ya shigo ta dama, Babana ne ya fice ta hagu, shi da mu 'ya'yansa duka, har da ni mai majigin. Wasu suka fara dariya suna toshe baki, don ba a san yadda tsohon zai ɗauka ba. Na yi wuf zan mayar da kibiyar.

Babana ya ɗaga sandarsa. "Bar shi."

Na tsaya.

Ya ce, "Bar shi haka. Shekara ashirin da biyu yana waje, ni na fitar da shi da bakina. Bari ni ma in ɗan zauna a wajen in ji yadda ake ji." Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Auta, zo ka zauna kusa da ni. Don Allah."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Baba Ƙarami ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar nan, hannunsa a jikin ƙyaure. Sannan ya sako ƙafarsa ciki. Ya taho har gaba, ya durƙusa, Babana ya kama kansa ya haɗa da ƙirjinsa, hular ta faɗi ƙasa babu wanda ya kula. Manyan mahauta, mutanen da ke kayar da bijimi ba su ko ƙifta ido ba, na gan su suna jan hanci suna kallon silin. Mata kuwa guɗa da kuka suka haɗe, ba ka bambance wannan da wancan.

Ana cikin haka Anti ta ja ni kusa, ta yi ƙasa da murya. "Yanzu ki kalla, oga madam." Ta rufe salsalar, ta shiga inda ake saita fuskar kwamfuta, ta nuna mini wasu lambobi. Ta ce hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana a jere. Tawa tana jera ɗigo 1280 daga hagu zuwa dama, majiginta kuwa 1024 kawai yake iya ɗauka. Da na haɗa su, kwamfutar ba ta rage nata ba, ta ci gaba da nuna mini komai, shi kuma majigin ya ɗebi iya abin da zai iya daga hagu ya bar sauran a waje. Abin da ya bari ɗin kashi ɗaya ne cikin biyar, ni kuma na raba faɗin fuskar gida biyar daidai, na sa auta a na ƙarshe. Ta ja wani ɗan maɓalli baya, lambar ta koma 1024. Fuskar kwamfutata ta yi duhu ta dawo, ta tsuke, baƙi ya fito mata a gefe da gefe, duk kyan nan da nake taƙama da shi ya ragu. Ta sake buɗe salsalar.

Sai ga reshe biyar a bango. Sunayen sun ɗan ƙanƙance, hotunan ma haka, har Gwaggo tana cewa ita an mayar da ita 'yar tsana. Amma kowa yana ciki, daga Babana har jaririn da aka raɗa wa suna watan da ya wuce. Mutane suka taso suka yi cincirindo a gaban zanen, kowa yana neman kansa, inuwar kawunansu tana rufe rabin salsalar, ana ta "Matsa mana in ga kaina!" 'Ya'yan Baba Ƙarami suna tsakiya, ana jan su ana nuna musu, wannan yayarku ce, wannan ƙaninku ne. Babana ya sa aka kira masa Anti. Ya dube ta ya ce, "Malama, ashe ke ce mai gyara. Allah ya yi miki albarka." Ta durƙusa ta ce, "Amin, Baba." Wannan ce maganar farko da ta taɓa shiga tsakaninsu.

Ni kuwa na sha tsiya ranar, kuma har yau ban gama sha ba. Duk taron da aka yi sai wani ya ce, "A ba ta majigi ta cire mana wanda ba ma so." Da muke naɗe wayoyi na ce wa Anti ta yafe mini, ta gaya mini in gwada ban gwada ba. Ta yi dariya ta ce da na gwada ɗin, da wataƙila an gaisa an ci nama an watse, kowa da abinsa a ciki. Na ce duk da haka ba zan sake ba, don saura taku ɗaya mutumin nan ya fita, kuma na san da ya fita ba zai dawo ba har abada. Babana ya rasu bayan shekara biyu, kuma Baba Ƙarami ne yake riƙe da hannunsa.

Tun daga ranar ban sake haɗa kwamfuta da majigi ko wani allo ba sai na je da wuri na gwada, na daidaita lambobin nan, sannan na taka har kujerar ƙarshe ta bakin ƙofa na zauna na kalli bango da idona. Kuma abin ya bi ni har wajen da babu kwamfuta. Na tsaya a gaban dangina ina rantsuwa ban bar kowa ba, kuma gaskiya nake faɗa, amma gaskiyar a gabana kaɗai take, su abin da suke gani daban. Yanzu idan mutum ya ce mini an bar shi a waje, ba na cewa "ga ka nan" ina nuna abin da ke gabana. Juyawa nake yi in duba daga inda yake zaune.